Taɓon Ingila Ba Ya Karɓar Tayi

Bakano, bawana, ina yi maka jaje. Na so in bari sai ciwon ƙugun nan ya sake ka kafin in ɗauki alƙalami, amma labari ya iso mini cewa kana zagaya gidajen 'yan'uwa a Birmingham kana ba da labarin yadda ya yi maka daɗi, wai motarka ce ta yi gardama, wai kuma wani Bazazzagi mai riƙe da tuta ne ya zalunce ka. To, tunda a gaban jama'a ka kai ƙara, a gaban jama'a za ka ji amsa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Tudu ne ya kayar da kai, ni fensir kawai na sa na rubuta.

Masu karatu na gida, ku yi mini haƙuri in bar bawan nawa a tsugune in gaya muku abin da ya kai shi. Turawan Ingila suna da wani wasa na tsofaffin motoci da suka fi yi daga Oktoba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ƙasarsu ta fi jiƙa. Hunturunsu ba ya zuwa da ƙura da fason ƙafa irin namu. Ruwa yake kawowa, yau yayyafi gobe yayyafi, ƙasa ba ta samun ranar da za ta shanya ta. A irin wannan lokaci mai hankali rufe motarsa yake yi a gareji. Su kuwa sai su fito da ita, su nemi tsohuwar hanyar keken doki da ta miƙe kan tudu, wadda ruwa ya zaizaye, saiwoyi da duwatsu suka fito fili, taɓo ya kwanta a kai, su ce wa direba bismilla. Ba a tambayar wa ya riga wa. Abin da ake so ɗaya ne: ka tashi daga ƙasa ka kai sama motarka ba ta tsaya ba, ba kuma wanda ya tura ka. In ka gama da wannan tudun sai ka koma kan kwalta, ka bi dokar hanya yadda kowa ke bi, ka nufi na gaba, haka har yamma. Shi ya sa dole motar ta zama mai lamba da inshora, wadda doka ta yarda ta hau titi.

Wasan ya girmi kakanka, Bakano. Ƙungiyar da ta fi daɗewa a harkar, Motor Cycling Club, a 1901 aka kafa ta, shekara biyu kafin Turawa su shiga Kano. Kada ka tambaye ni shekarar da suka shiga Zariya, ba ita ake magana ba. A wancan zamani, babur ko mota ta tashi daga Landan ta kai gari mai nisa ba ta mutu a hanya ba, abin a ba da labari ne. Don haka suka shirya tafiye-tafiyen gwaji: ta Edinburgh a 1904, ta Land's End a 1908, ta Exeter a 1910. Da aka shimfiɗa kwalta, injuna kuma suka yi ƙwari, tafiyar ta daina wahalar da kowa, sai suka riƙa ratsewa daga titi suna farautar tuddan da masu gyaran hanya suka manta da su. Ukun nan suna nan har yau, Exeter a farkon Janairu, Land's End lokacin Ista, Edinburgh wajen farkon Oktoba, ko da yake ta ƙarshen ta daina zuwa garin da take amsa sunansa, a tuddan Derbyshire take yawo. Ban da manyan, ƙananan ƙungiyoyi suna shirya nasu na yini guda a ƙarshen mako, kuma a ɗaya daga cikinsu, can yammacin Ingila, Allah ya haɗa ni da kai, ni a kan tudu, kai a gindinsa.

Ka tuna ranar da na fara ba ka labarin wasan? Tambayarka ta farko, nawa ake ba wanda ya ci? Na ce ko sisi, sai ɗan kofi ko lambar yabo. Ta biyu, to ku masu tsayuwa a cikin ruwa nawa ake sallamarku? Na ce da man motarmu muke zuwa, da shayinmu a filas. Ka dube ni ka girgiza kai, ka ce lallai zama da Turawa ya taɓa Zagezagi. Abin da ya juyo da kai shi ne da na ce hukumar wasannin motoci ta ƙasar, Motorsport UK, kyauta take ba da ƙaramin lasisin shiga. Bakano in ya ji kyauta kunnensa ya rufe. Duk abin da na faɗa bayan nan, kuɗin ƙungiya da kuɗin rajista da mai da gyara, da iska na yi magana.

Abu ɗaya zan yaba maka, kuma kada ka saba: ka iya zaɓen mota. Volkswagen Beetle da ka sayo, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975 har ta cika titunanmu, tana cikin motocin da suka fi dacewa da wannan wahala. Injinta a baya yake, daidai kan tayoyin da ke tura ta, nauyinsa yana danne su a ƙasa. Ba ta da lagireton da zai tafasa, iska ke sanyaya ta. Cikinta kuma a shafe yake, tana iya silalewa ta kan taɓo ba ta sarƙe ba. Dokar wasan ta hana mota mai ja da ƙafa huɗu, ta hana ɗaure aksil yadda tayoyi biyu za su juya tare dole, ta hana taya mai manyan haƙora. Da tayar titi za ka hau. Tun da sassafe akwai masu duba mota a wurin tashi, su leƙa taya, su nemi abin kashe gobara da wurin ɗaura igiyar ja, wani lokaci har su ɗora taya ɗaya a kan abin juyi don su kama mai wayon aksil. An raba motoci aji takwas, daga ƙananan motocin gida masu ja da gaba, zuwa waɗanda aka ƙera kafin 1941, har waɗanda wani ya haɗa a bayan gidansa don wannan aiki kaɗai, kuma gwargwadon ƙarfin ajinka gwargwadon yadda za a tsananta maka hanya. Kai ka faɗa ajin masu inji a baya da bai wuce 1300cc ba. Mota ta gari, aji mai dama. Saura direba.

Kowace mota dole ta ɗauki fasinja, kuma fasinja a nan aiki ya zo yi. Shi ke karanta littafin hanya, shi ke sauka ya rage iska, in kuma taya ta fara sulɓi shi ke tsalle a kan kujera don kowace dirowa ta danna tayoyin baya su ciji ƙasa. Masu wayo sukan nemo ƙato su zaunar da shi a kujerar baya. Kai kuwa, da lissafinka na Kantin Kwari, sai ka ɗauko ƙanenka ɗalibi, yaron da iska mai ƙarfi za ta iya mayar da shi Kano ba tikiti, wai don kada nauyi ya sha maka mai. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru kafin ku iso wurina, don ko ɗan Kano in ya sha wuya yakan faɗi gaskiya.

Ya ce a gindin tudun farko kowa ya durƙusa yana sace iskar tayoyin baya. Duk direban da ya taɓa ratsa yashi ya san dalili: taya mai laushi baje ciki take yi, ta rungumi dutse da saiwa, mai tauri kuwa sai ta yi ta gudu a wuri ɗaya. Wanda ke yawo da 30 a geji a kan kwalta yakan sauko wajen 12, ko iyakar abin da masu shiri suka yarda, in ya kai sama ya sake hurawa da ɗan famfonsa. Ƙanen naka ya ɗauko geji, ka ce ya mayar. Wai iskar nan sai da ka zura sulalla a na'urar gidan mai kafin ta ba ka ita, ba za ka sake ta a daji a banza ba. Bakano ke nan! Ko iska in ta shiga hannunku ta zama jari.

Aka ba ku hannu, ka taka totur har ƙasa. Motar ta yi kuka, ta wanke mai ba da hannu da taɓo, ta matsa ɗan taku kaɗan, ta tsaya tana rawa. A irin wannan wasa na yini guda alluna ake kafawa a gefen hawa, 12 a ƙasa, ana raguwa har 1 a kusa da ƙarshe. Inda tayar gabanka ta daina gaba, lambar wurin ce makinka. Wanda ya haye duka sifili ne nasa, kuma da yamma mai mafi ƙarancin maki shi ne gwani. Da aka ce maka 12 sai ka washe baki, ka juyo ka ce wa yaron, “Ka gani ko, da farawa mun kwashe mafi tsoka.” Sai da wani dattijo ya ja ka gefe ya fahimtar da kai cewa a nan kowa addu'ar komawa gida hannu wofi yake yi. Yaron ya ce tun da yake bai taɓa ganin fuskarka ta yi haka ba, ko ranar da kwastan suka riƙe maka kaya.

Da ka yi bincike da wajen Vintage Sports-Car Club ka tafi, wadda aka kafa a 1934. Su daga 1 suke ƙirgawa zuwa 25, mai yawa shi ya ci, lissafin da ya dace da jininka. Sai dai motocin kafin Yaƙin Duniya na Biyu suke karɓa, kuma a inda ka tsaya ɗin nan, can ɗin ma 1 za su ba ka.

Yanzu bari in gaya maka abin da ubangidanka yake yi tun kana barci. Mu mashal, 'yan sa-kai masu tsaron hawa, mukan isa wurinmu gari bai waye ba, ga shi a Janairu rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe 8. Ka sa hannu a takarda, ka karɓi riga mai ƙyalli da oba-oba, ka saɓi alluna da guduma, ka hau da ƙafa tudun da in an jima motoci za su kasa hawa. Kowane allo sai an duba inda za a kafa shi. A ɗaura igiya inda 'yan kallo za su tsaya, a lura da ƙofar gonar mai wurin, don yawancin hanyoyin nan ta cikin gonaki da dazukan mutane suke bi, kuma in tunkiya ɗaya ta fice ta ƙofar da aka bari a buɗe, baɗi an rasa tudun ke nan. Mutum ɗaya yana ƙasa yana sakin motoci, ba ya sakin wata sai an ce masa hanya ta buɗe. Wasu suna tsakiya idonsu a kan tayoyi, wani yana sama. Da fensir muke rubutu, don biro ba ta kama jiƙaƙƙiyar takarda, takardar kuma a cikin leda take, hannu ya shiga ya rubuta ya fito. Motar buɗe hanya za ta wuce da safe, daga nan ba inda za ka motsa sai motar rufe hanya ta zo, ko da duhu ya yi. Azahar da La'asar da Magariba a guje suke bin juna, rana na faɗuwa da ƙarfe 4 da 'yan mintoci, sai ka roƙi abokin aiki ya riƙe maka tuta, ka yi alwala da ragowar ruwan ɗumi, ka shimfiɗa leda a gindin bishiya. Yatsun ƙafa kuwa tun hantsi suke yin sallama da kai, duk da safa biyu da takalmin ruwa.

In babu mu babu wasan. Tudun da ba a samu masu tsaronsa ba soke shi ake yi. Shi ya sa direbobin da suka san ciwon kansu, ko sun hau ko sun faɗi, sai sun leƙo ta taga sun yi godiya. Da yawansu ma sun san tsayuwar, wannan makon yana cikin mota, mako mai zuwa yana riƙe da tuta, kuma a bakin hawan ake koyon wasan. Wanda ya wuni yana kallon motoci suna fama da wuri ɗaya ya san gefen da ke da dutse a ƙarƙashin taɓo, ya san ramin da ke haɗiye taya, tun mota ba ta iso ba yakan gane daga kukan inji ko za ta haye. Na ce maka ka zo ka tsaya tare da ni kafin ka shiga. Ka ce kai ba ka aikin da ba a biya, kuma mutumin da ya yi tuƙi a hanyoyin ƙauyukan Kano da damina babu Bazazzagin da zai koya masa taɓo. Ka manta a hanyar ƙauye in ka maƙale samari ne ke fitowa su tura, ka ba su na goro. A nan duk wanda ya sa wa motarka hannu ya gama kayar da kai.

Wurin da aka ba ni ranar shi ne na tsaya-ka-tashi, kuma duk wasan babu inda ya kai shi mugunta. A tsakiyar hawa, inda tudun ya fi miƙewa, masu shiri suka ja layi biyu. Direba zai zo da ɗan ƙarfinsa, dole ya tsaya tayoyinsa na gaba suna tsakanin layukan, ya jira in sauke tuta, sannan ya tashi daga tsaye bai zame baya ba. Duk gudun da ka taro daga ƙasa an karɓe shi. Abin da ya rage maka ƙafarka ta hagu, da hambirki, da inda ka zaɓa ka ajiye tayoyin baya. A wurin nawa akwai wata saiwar bishiya da ta gitta hanya, ta sha ruwa ta yi santsi. Wanda ya daure ya tsaya can sama cikin layukan, tayoyinsa na baya sun riga sun haye ta, sai ya tashi lafiya. Wanda ya yi saurin taka birki zai tarar da ita a gaban tayoyin, ba shi da ko taku ɗaya na ɗaukar ƙarfi. Tun safe nake kallon saiwar nan tana rarrabe masu haƙuri da masu gaggawa.

Sai na ji ku tafe. Tun ban gan ku ba na san kai ne, don duk yinin ba wanda ya sa inji irin wannan ihun. Motar ta ɓullo daga kwana ba a gane launinta, waifa tana shafa taɓo a kan taɓo, hular sanyinka ta rufe maka ido ɗaya. Ka hango ni da tuta, ka yi murmushin wanda ya tarar da ɗan gari a ofis. Da ganin layin farko ka taka birki. Na leƙa, tayoyin baya suna jingine da saiwar daga ƙasa, a cike taf da iskarka ta kuɗi. Na ce a raina Allah ya kawo sauƙi, amma aiki aiki ne. Na ɗaga tuta, na sauke.

Abin da ake so a nan shi ne a saki kuloci a hankali, a ba da mai kaɗan, a bar taya ta lallaɓi ƙasa har ta sami abin kamawa, sannan a sauke hambirki. Kai kuwa ka yi duka ukun a lokaci guda, kuma da ƙarfi. Tayoyi suka ɗauki juyi, tururi ya tashi daga saiwar, warin roba da na kuloci suka cika dajin, taɓo ya yi sama ya sauko a kan jama'a. Kana ta ihu, “Yi tsalle, yi tsalle!” Yaron nan yana sama yana ƙasa kamar kwando a bayan akori-kura, kansa yana gaisawa da rufin mota, motar ko a jikinta. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Ni dai idona yana kan tayar gaba, don ita ce shaidata. Ta tsaya cik, sannan ta fara juyawa baya sannu a hankali, har ta wuce layin ƙasa. Na ɗaga hannu. Allon da ke wurin 5 ne, 5 na rubuta.

Nan fa halin gida ya motsa. Ka sauke gilashi, ka kira ni da abin da ba ka taɓa kirana da shi ba, “Ranka ya daɗe.” Ka ce a duba zumunci a mayar da shi 3. Na ce albarka. Ka ce to 4, kada a yi asara duka. Na ce albarka. Ka ce ai motar ba ta yi baya ba, tudun ne ya matsa gaba. Baturiyar da ke riƙe da oba-oba kusa da ni ta tambaye ni me kake cewa, na rufa maka asiri na ce addu'a kake yi wa masu shiri. Ka leƙa fensir ɗina kana neman abin gogewa a gindinsa. Tun da na ga sunanka a jerin masu shiga na cire shi.

Wanda ya faɗi, ko dai ya koma da baya har ƙasa muna yi masa jagora, ko a ja shi sama. Ka sa ribas, muna cewa dama kana yin hagu, har ka jefa taya a kwata. Sai da manomin wurin ya sauko da taraktarsa, ya ɗaura igiya, ya ja ku sama ko nishi ba ta yi ba. Da ka sa hannu a aljihu yana rawa, mutumin ya ce ba ya karɓa, a lokacin na ga jini ya dawo maka fuska.

Tunda kana cewa laifin mota ne, bari in gaya maka wadda ta biyo bayanka. Beetle ce irin taka, aji ɗaya, wata dattijuwa mai furfura a sitiyari, mijinta ƙato ya cika kujerar baya. Tayoyinta na baya sun kusa kwanciya don laushi. Ta zo a natse, ta wuce layin farko, ta ci gaba da lallaɓawa har tayoyin gaba suka kusa taɓa layi na biyu, sannan ta tsaya. Na sauke tuta. Da ƙyar na ji ƙarar injinta ta ƙaru. Motar ta ɗan girgiza, mijin ya dira sau biyu, ta tashi ta yi sama, tana wucewa ta ce mini na gode. Bayanta kuma wata Austin Seven marar rufi, motar da aka daina ƙerawa tun 1939, inji 747cc, ta haye tudun da sirarran tayoyinta tana tari. Da yamma a zauren ƙauye, inda aka taru shan shayi ana ta ba juna labarin inda kowa ya maƙale, an ce ka tambaya ko akwai kyautar wanda ya fi kowa tara maki.

Duk da haka na ji kana cewa wannan ƙaramin wasa ne, bai kai ka nuna bajinta ba, baɗi Exeter za ka shiga. To, saurara. Exeter daren Juma'a ake tashi, a kwana ana tuƙi cikin sanyi, wasu tuddan da fitilar mota ake hawansu, ba a kai ƙarshe ba sai yammacin Asabar. Can babu 5 babu 3 da za ka yi tayi a kai, kowane tudu ko ka hau ko ka faɗi. Wanda bai faɗi ko ɗaya ba yana da lambar zinariya, faɗuwa ɗaya azurfa, biyu tagulla. Kada ka yi zumuɗi, ba irin zinariyar da ake kai wa kasuwa a auna ba ce. Wanda ya haɗa ta a manyan ukun duka cikin shekara guda, wani ɗan abin ado ake ba shi mai siffar allon nuna hanya, kuma akwai waɗanda suka tsufa suna nemansa bai zo hannu ba. A hanyar akwai Fingle a gefen kogin Teign, kwana a kan kwana har sama. Akwai kuma Simms, kusa da ƙauyen Ilsington a Devon, wanda ake hawa tun shekarun 1930. A inda ya fi tsanani, duk taku uku gaba ka hau kusan taku ɗaya sama, kuma a tsakiyarsa akwai falalen dutse da ke zama santsi da zarar tayoyi sun shafa masa laka. Jama'a kan cika gefensa da 'ya'yansu da karnukansu, wanda ya haye su yi masa tafi, wanda ya zamo da baya su yi masa tafin jaje. A wurina mutum kaɗan suka ga abin da ya same ka. A Simms ɗaruruwa ne, kowa da wayarsa, kafin ka sauko an gani a Fagge. In kuma ka ce Land's End za ka jira don lokacin Ista ƙasa ta fi bushewa, akwai tudun Crackington a Cornwall, inda aka san mutanen yankin da ƙara wa hanya taɓo da hannunsu in sama ta yi rowa. Kirarin garinku yana cewa duk abin da mutum ya zo da shi an fi shi, amma ban ji an ce har da taɓo ba.

Ga hukuncina, kuma babu ɗaukaka ƙara. Biyar ɗin nan tana nan daram. Hunturu mai zuwa Beetle za ta huta a gareji ta sami sabon kuloci, kai kuma za ka biyo ni da asuba, ka ɗauki alluna da guduma da filas, in tsayar da kai a bakin hawa ka wuni kana kallon yadda tsofaffin mata ke tuƙi. Ka sayi geji da famfo, ka nemi yaron nan ka ba shi haƙuri da kuɗin man zafi. In ka iya cika yinin ba ka tambayi nawa za a biya ba, zan yarda ka yi rajistar Exeter, amma a ajin da suka ware wa masu son hanya mai sauƙi, wanda lambarsa sifili ce, don ka samu ka ga sifili kusa da sunanka ko a takardar shiga. Ka zo da gurasa, Zagezagi ba sa kula da bayi da yunwa. In kana da ja, filin nan a buɗe yake mako mai zuwa, amma ka sani ƙanenka ya riga ya turo mini bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka.